Suna Bakin Ruwa: Abin da Mai Neman Danginsa a Magarya da Dungas Zai Karanta Kan Fiton Sawakin

A ƙasar Magarya da Dungas babu teku, balle tsibiri. Ruwan da muka tashi muka sani shi ne na tafki da na fadama da na Korama, wanda yaro ke tsallakewa da ƙafa idan rani ya yi nisa. Saboda haka mai karatu zai iya yin mamaki idan aka ce masa, in yana son ya san tarihin gidansu, sai ya nemi littattafan da suka yi magana a kan wani tsibiri da ke gaɓar Bahar Maliya, da jiragen fiton da ke tashi daga can zuwa Jidda. To amma gidaje da yawa a wannan yanki suna da wani nasu da aka ce “ya yi gabas”, daga nan kuma labarinsa ya yanke. Domin masu irin wannan giɓi a salsalarsu aka rubuta wannan sharhi.

Ni ma ina cikinsu. Yayan kakata ta wajen uwa ya ɗauki matarsa da ɗansa na goye da jaki guda ya nufi Makka a ƙasa, tun ita kakar tawa tana budurwa. Abin da ya dawo daga gare shi kaf saƙon baka ne da wani alhaji ya kawo bayan shekaru: ya gan su, suna lafiya, suna bakin ruwa suna jiran jirgi. Har ta koma ga Mahaliccinta, duk wanda ya tambaye ta labarin yayanta amsar da zai samu ke nan. Da maganar rabon gona ta taso bayan rasuwarta sai dattawa suka rasa ta cewa, domin shari'a ba ta yarda a cinye rabon wanda ya ɓata ba sai an tabbatar da mutuwarsa ko alƙali ya yanke hukuncinta, ga shi kuwa ba wanda ya san ko ɗan goyen nan ya rayu ya bar zuriya. Ba wanda ya tambayi alhajin nan wane ruwa ne, ko wane irin jirgi. Na daɗe kafin in gane cewa amsar tambayoyin nan biyu ita ce za ta ba mu wuri da shekara, kuma akwai littattafan da za su taimaka a same ta.

Littattafan gida

Wajibi ne a fara daga gida, domin wanda bai san dalilin fita ba, da wuya ya gane hanyar da aka bi. Ɗaya daga cikin tsofaffin abubuwan da aka rubuta da boko a kan wannan yanki yana cikin rahoton tawagar Kyaftin Tilho, wadda ta shata iyaka tare da takwararta ta Ingila tsakanin 1906 da 1908. Tafintan tawagar, Landeroin, ya zauna da dattawan fada ya rubuta jerin sarakuna da labarun kafuwar garuruwa, har da na ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Wacha da Dungas, aka buga bayanan nasa a juzu'i na biyu na rahoton a 1911. Bayansa sai littafin marigayi André Salifou, Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle, wanda ya fito a 1971 a jerin Études nigériennes, da kundin digiri na uku na Roberta Ann Dunbar na 1970 a kan daular. Ɗan Magarya kuwa sai ya haɗa da The Affairs of Daura na M. G. Smith, 1978, domin tarihin garinsu ba ya rabuwa da na tsohon gidan sarautar Daura, wanda ya watsu bayan jihadi, rassansa suka zauna a Zango da Baure da Magarya a ƙarƙashin inuwar Damagaram.

Waɗannan ayyuka ginshiƙai ne, sai dai daga zauren fada suke kallon duniya. Wanda kakansa ya riƙe sarauta zai ga sunansa, wanda kakansa manomi ne ko maƙeri sai dai ya gan shi a cikin lissafin haraji ko na mayaƙa. Ƙasashen Sosebaki ma, a littafin Salifou, an fi hango su daga Birnin Damagaram, a matsayin waɗanda Sarki Tanimun da magadansa suka mallaka.

Talaka ya fi fitowa a ayyuka uku. Stephen Baier, a An Economic History of Central Niger na 1980, ya nuna yadda cinikin Sahara ya durƙushe, harka ta juya kudu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. John Collins ya yi kundinsa na 1974 a kan cinikin gyaɗa a Magarya kanta, ya kuma rubuta maƙala a 1976 a kan fasa-ƙwaurin gyaɗar a kan iyaka. William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya fitar da Hausaland Divided a 1994, inda ya kwatanta Yekuwa ta ɓangaren Nijar da Yardaje ta ƙasar Daura, ƙauyuka biyu maƙwabta da turakun tangaraho suka raba. Daga waɗannan mai bincike zai tara dalilan ƙaura: shigowar Faransa Damagaram a 1899, tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, nauyin haraji, ɗibar soja, da aikin tilas da ba a soke shi ba sai 1946. Niyyar sauke farali gaskiya ce, amma sau da yawa waɗannan ne suka sa ranar tashi.

Rauninsu ɗaya ne a wajen mai neman dangi. Dukansu kudu da arewa suke duba, tsakanin Damagaram da Kano. Wanda ya juya gabas ya fita daga shafukansu kamar yadda ya fita daga gari.

Ruwa uku

Littafin da ya bi sawunsa shi ne Across the Savannas to Mecca na J. S. Birks, wanda aka buga a 1978. Birks masanin labarin ƙasa ne, ya yi bincikensa a kan hanyar kanta a farkon shekarun 1970, lokacin da jirgin sama ya riga ya zama abin hawan alhazai masu hali, amma talakawa ba su daina bin ƙasa ba. Ya nuna cewa tafiyar ta shekaru ce, iyali na tafe suna yada zango, su yi noma ko ƙwadago ko ga-ruwa su tara guzurin zango na gaba. Shi ne littafin farko da zan ba kowa shawara ya karanta, da taswira a gefensa. Aibinsa na fanninsa ne: mutane a wurinsa kwararowa ce da ake aunawa, kuma ƙarfinsa yana kan tudu, yana raguwa idan an doshi teku. Mai son sanin tushen al'adar tun kafin zuwan Turawa sai ya koma ga The Pilgrimage Tradition in West Africa na Umar al-Naqar, wanda Jami'ar Khartum ta buga a 1972.

Wanda ya karanta Birks zai gane cewa “bakin ruwa” na iya zama wuri uku. Mutumin Magarya ko Dungas yana iya gangarawa ta Hadeja ko Nguru ya bi ta Maiduguri da Dikwa, ko ya bi ta Gure da Gigimi ya zagaye Tafkin Cadi ta arewa. Wanda ya bi ta kudu, ruwan farko da zai tare shi yana Kusuri, inda Logon ya haɗu da Shari, garin Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, yana tsallake. Da kwale-kwale da jirgin fito ake hayewa a nan har zuwa 1985 da aka yi gadar Ngeli. Mutane da yawa a nan tafiyarsu ta tsaya, kuma su ne John Works ya rubuta tarihinsu a Pilgrims in a Strange Land na 1976, a kan unguwannin Hausawa na Fort-Lamy da Abeshe da sauran garuruwan Cadi. Works ya fi Birks amfani ga mai neman suna, domin ya kula da masu unguwanni da fatake da malamai, da garuruwan da suka fito.

Ruwa na biyu shi ne Nilu. Bayan Abeshe da Junaina da Alfashir sai Kurdufan, inda layin dogo ya iso Al-Ubayyid a 1912. Wanda ya sami kuɗin jirgin ƙasa daga nan ya haye Farin Nilu a kan gadar Kosti ba tare da jiran fito ba. A 1959 layin ya kai Nyala, tafiyar ƙafa ta ƙara raguwa. Ruwa na uku shi ne Bahar Maliya, kuma a nan ne tsibirin yake.

Sawakin da jiragenta

Sawakin tsohon gari ne da aka gina a kan ƙaramin tsibiri a cikin wani lungu na teku, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan, kuma tsakaninta da Jidda kilomita 300 ne da ɗoriya. Ɗaruruwan shekaru ita ce ƙofar ƙasar Sudan zuwa Hijaz. A ƙarshen shekarun 1870 aka yi cikon hanya aka haɗa tsibirin da gaɓa. Da Ingila ta ga mashigar ta yi wa manyan jiragen zamani kaɗan, sai ta gina Port Sudan, aka buɗe ta a 1909, fatake da ofisoshi suka kwashe suka koma can. Abin da ya rage wa Sawakin shi ne alhazai: nan ne ake killace su a karantina, nan ake duba takardunsu, nan suke shiga jiragen hayaƙi irin na kamfanin Khedivial Mail da ke zirga-zirga tsakanin Suwais da Jidda da gaɓar Sudan.

Ayyuka biyu ne suka fi shahara a kan garin. David Roden ya rubuta maƙala a mujallar Sudan Notes and Records a 1970 a kan yadda Sawakin ta mutu a tsaye a ƙarni na 20. Jean-Pierre Greenlaw ya fitar da The Coral Buildings of Suakin a 1976, littafi mai kyan gani, cike da zanen benayen da aka gina da dutsen murjani da tagoginsu na katako, waɗanda akasarinsu sun riga sun rushe. Ya kamata a duba shi don a san abin da idon kakanninmu ya gani. Amma kada mai karatu ya nemi kakansa a cikin benayen nan. Gidajen attajirai ne, shi kuwa mai jiran jirgi a kan gaɓa ya kafa rumfarsa, kuma littafin gine-gine ba ruwansa da rumfa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sharuɗɗan shiga jirgin. Tsoron kwalara da agana ya sa ƙasashen Turai suka ɗaure jigilar alhazai da dokoki, musamman bayan yarjejeniyar kiwon lafiya ta duniya da aka sa wa hannu a Paris a 1926. Hukumar Sudan ta riƙa neman fasfo da shaidar lamba da kuɗin karantina da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa, ga kuma kuɗaɗen da hukumar Hijaz ke karɓa. Ga mutumin da ya shekara biyar yana tara taro da sisi a hanya, da mata da ƴaƴa, wannan katanga ce. “Suna jiran jirgi” a bakin alhajin nan ba lalle jiran ranar tashi yake nufi ba. Yana iya zama jiran kuɗin da bai taɓa cika ba.

Satar hanya

Waɗanda suka kasa haƙuri sun sami wata dabara, kuma masana biyu sun rubuta tarihinta a shekara ɗaya, 2015, kowanne ya ɗauki sunan da matafiyan suka ba ta ya sa a kan maƙalarsa: satar hanya. Jonathan Reynolds ya duba ta daga ɓangaren mulkin mallaka a Nijeriya, a mujallar Journal of West African History. Jonathan Miran ya duba ta daga ɓangaren teku, a Journal of African History, daga shekarun 1920 zuwa na 1950. A ganina maƙalar Miran ita ce mafi amfani a duk abin da aka rubuta a kan fiton kansa. Ya nuna yadda mutanen Afirka ta Yamma ke kauce wa Sawakin su shiga Iritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, su nufi Musawwa, ita ma gari ce a kan tsibirai, inda masu sambuk ke kwasarsu a ɓoye. Sambuk jirgin katako ne da iska ke kaɗawa. Ba Jidda yake kai su ba, sai dai ya sauke su a gaɓar da ke kudu da ita, wajajen Kunfuda da Lis da Jizan, su ƙarasa da ƙafa. Miran yana da wani littafi na 2009, Red Sea Citizens, a kan Musawwa da mutanenta, ga mai son ƙarin bayani.

Hanyar ta fi araha, ta kuma fi haɗari. Akwai nutsewa, akwai ƙishirwa a gaɓar da ba ruwan sha, akwai mai jirgin da zai sauke mutane inda ba nan aka yi alkawari ba, akwai kuma faɗawa hannun masu cinikin bayi, domin Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Wannan magana ce mai nauyi da gidaje ba su son ji, amma mai neman gaskiyar zuriyarsa ya kamata ya san cewa wasu yaran da suka ɓace a wannan gaɓa ba mutuwa suka yi ba.

Darasin ga mai bincike a fili yake. Wanda ya bi ta Sawakin ya ratsa ta hannun hukuma, akwai fatan ya bar sawu a takarda. Wanda ya saci hanya ya yi iyakar ƙoƙarinsa ne don kada a rubuta shi, saboda haka rashin ganin sunansa ba hujja ba ce ta cewa bai haye ba.

Waɗanda suka tsaya da waɗanda suka haye

Littafin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba, 1995. Ya zauna da Hausawan Wad Madani da ƙauyukan Jazira, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro gida, ya tarar har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka, suna zaune kamar masu shirin tashi gobe. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ƙwadago ya samu, ya kuma riƙe mutane, bashi da hidimar malamai suka ƙara ɗaure su. Yamba ma'anar wannan zama yake nema, jerin zuriya ba shi ne gabansa ba, don haka kada a buɗe shi da fatan tsintar suna. Amfaninsa shi ne ya kawar da zargin da ake yi wa wanda bai dawo ba, cewa ya manta da gida. A haɗa shi da Maiurno na Mark Duffield, 1981, a kan garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, garin da ya zama matattarar masu zuwa daga yamma.

Ga waɗanda suka haye kuwa, A History of Jeddah na Ulrike Freitag, 2020, ya yi bayanin birnin da suka sauka da bukkokin Takari da ke bayan ganuwarsa kafin a rushe ta a 1947. Littafin Chanfi Ahmed na 2015 a kan malaman Afirka ta Yamma a Makka da Madina yana da tarihin mutane ɗaiɗai, sai dai malamai ne sanannu. Sauran jama'a sai a neme su a bakin mazauna Jarwal da Misfala da Shara Mansur.

Inda littattafan suka gaza

Yanzu sai babban ƙorafina, kuma ya shafi kusan dukansu. Ɗan Magarya ba ya fitowa a cikinsu da sunan ɗan Magarya. Akasarin takardun da marubutan suka dogara a kansu na Ingila ne, kuma a idon ma'aikacin Ingila mai jin Hausa ɗan Nijeriya ne. Shi kansa matafiyin yana da dalilin barin maganar a haka. Ya tsallaka tangaraho ba da izinin kumandan ba, wataƙila haraji ko aikin tilas ya guda, to me zai sa ya ce shi talakan Faransa ne? In an tambaye shi sai ya ce Daura, ko Kano, kuma bai yi ƙarya ƙwarai ba, tunda kasuwarsa ke nan, danginsa ma suna can. Da ya isa Sudan ya zama Fallata ko Takari. Da ya isa Hijaz jikokinsa suka zama Hausawi ko Fallata ko Barnawi, kuma mutumin Damagaram, wadda ta daɗe tana bin Barno, yana iya ɗaukar ko wanne daga ciki. Ƙari a kan haka, dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa gidansu na zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, abin da ya ba mutane da yawa dalilin tura ranar zuwan kakanninsu baya, ko su yi shiru a kan garin asali.

Ke nan tsakanin rukunin littattafan nan biyu akwai rami. Na gida sun san mutum har ranar da ya fita, na hanya sun karɓe shi da wani suna. Ba a gina gadar da za ta haɗa su ba, sai mai karatu ya gina da kansa. Ga kuma matsalar harshe: na gida rabi Faransanci ne rabi Ingilishi, na hanya kusan duka Ingilishi ne, alhali masu labarin da masu nemansa Hausa suke ji, ɗalibanmu kuma da Faransanci suka yi karatu.

Yadda za a ci moriyarsu

Shawarata ita ce a mayar da littattafan nan ma'aunin maganar tsofaffi. A fara zama da su da na'urar ɗaukar magana, ko wayar hannu ce, tun kafin a buɗe littafi, a kuma fara da mata, domin su ne suka fi riƙe labarin wanda ya tafi. A tambayi shekarar tashi da abin da ya faru a cikinta: kafin Kakalaba ne ko bayanta, zamanin wane sarki, ana aikin tilas ko an daina. Sannan a tambayi abin hawa. In an ambaci jirgin ƙasa daga Al-Ubayyid, to bayan 1912 ne. In an ambaci Nyala da jirgi, bayan 1959 ne. In an ce motocin alhazai daga Kano, to daga ƙarshen shekarun 1940 ne, zamanin da su Alhaji Mahmudu Dantata suka shiga jigilar. In an ce an yi masa lamba an tsare shi kwanaki, Sawakin ce. In an ce da dare suka shiga jirgin katako, a duba wajen Musawwa.

Bayan haka a tuna da rubutun suna. A takardun Faransa za a ga Magaria, Dungass ko Doungass, Ouacha, Yékoua, a na Ingila kuma a ga wani rubutu daban na gari guda. Rahotannin kumandan da takardun ƙidaya suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, na ɓangaren Nijeriya suna na Kaduna da Gidan Arewa, takardun ma'aikatan Ingila na Sudan kuma da yawa suna Jami'ar Durham. Amma kafin a yi nisa a duba gafakar gida. Wasiƙar ajami guda da aka aiko ta hannun wani alhaji ta fi kundin hukuma goma.

Na gwada wannan a gidanmu. Da na koma wurin yayar mahaifiyata da tambayoyin da karatun ya koya mini, sai ta tuna wani abu da ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci: alhajin ya ce ya tarar da matar tana tsinkar auduga. A Sawakin ba a noman auduga a bakin teku. Wannan kalma guda ta karkata zatona zuwa Jazira, bayan 1925, ta kuma sa na fara tunanin cewa ruwan da kakata ta rayu tana ambato Nilu ne, jirgin kuwa yana can gaba da tafiyar kwanaki. Ban sami kowa ba tukuna, amma yanzu na san inda zan tambaya.

Kammalawa

Lokaci ba ya jiranmu ta ko wane ɓangare. A gida, waɗanda suka ga masu tafiyar da idonsu sun kusa ƙarewa. A can kuma, rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ya faɗa kan Hausawa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya tarwatsa mutanen Jazira, har da na yankin da Yamba ya yi bincikensa. Sawakin, wadda aka buɗe mata sabuwar tashar jiragen fito zuwa Jidda a 1991, ta sake ganin masu jiran jirgi, wannan karon masu gudun wuta. A cikinsu ba mamaki akwai masu haƙƙi a gonakin Magarya da Dungas da ba su taɓa jin sunan garuruwan ba.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, a sami masu fassara ko da maƙalar Miran da wasu babuka na Birks da Yamba zuwa Hausa, a karanta su a gidajen rediyon yanki, domin tsohuwar da ta ji sunan Kusuri ko Abeshe ko Sawakin tana iya tuna abin da ta ji tana yarinya. Na biyu, ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram su ɗauki ƙauye ɗaya ɗaya, su rubuta sunan duk wanda aka ce ya yi gabas, da shekarar tashinsa, da saƙon ƙarshe da aka ji daga gare shi. Salifou ya rubuta mana sarakunan ƙasar nan. Sauran aikin shi ne a rubuta talakawanta da suka tafi, ko Allah zai sa wata rana a sami wanda zai amsa sallama daga wancan bakin ruwa.